Dot Richardson: Tauraruwar Sofbol da Ta Zama Likitar Ƙashi

An haifi Dorothy Gay Richardson, wadda aka fi sani da Dot, ranar 22 ga Satumban 1961 a birnin Orlando na jihar Florida, a kudu maso gabashin Amurka. Tana sahun gaba cikin matan da suka yi suna a wasan sofbol. Ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1982, ta ci zinariya a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ta yi karatun likita har ta ƙware a tiyatar ƙashi. Tun 2013 take horar da ƙungiyar sofbol ta Jami'ar Liberty da ke jihar Virginia. Rayuwarta ta zo daidai da lokacin da ƙofofin wasanni suka riƙa buɗe wa matan Amurka ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowace ƙofa ta same ta tsaye a bakinta tana jira.

Sofbol ƙanen besbol ne, kuma wanda ya taɓa kallon kurket zai ga kama. An faro shi a birnin Chicago a 1887, a cikin ɗaki, lokacin da wasu samari suka ɗaure safar dambe suka mayar da ita ƙwallo, suna bugunta da sanda. Sunan da ake kiransa da shi yanzu, wanda ke nufin ƙwallo mai laushi, ya zo ne a 1926, kuma sunan ruɗi ne: ƙwallon tana da tauri, kewayenta ya kai santimita 30, ta fi ta besbol girma, kuma wanda ta taɓa samu a ƙauri ba zai kira ta mai laushi ba.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara. Ɗaya ƙungiyar tana bugu, ɗayar tana tsaron fili, sannan a yi musanya. A filin akwai zango huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakanin kowane biyu, na ƙarshensu shi ake kira gida. Mai jifa tana tsaye a tsakiya, ta wulwula hannu ya yi zagaye guda, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai cinya. Mai bugu tana tsaye a gida da gorarta. Idan ta sami ƙwallon sai ta jefar da gorar ta sheƙa zuwa zango na ɗaya, masu tsaro kuwa su yi ƙoƙarin cafe ƙwallon tun tana sama, ko su tsince ta su jefa ta riga mai gudun isa. Duk wadda ta zagaye zangon nan ta dawo gida ta ci wa ƙungiyarta maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a juya. Turmi bakwai ake yi, in an yi canjaras a ƙara. Babban bugu shi ne wanda ƙwallon za ta tsallake shingen ƙarshen fili, mai nisan kimanin mita 60, domin a nan mai bugun da duk wadda ke tsaye a wani zango za su taka a natse su dawo gida. A zamanin Richardson mita 12 ne kacal tsakanin mai jifa da mai bugu, ƙwallon kuma tana iya wuce gudun kilomita 100 a sa'a. Ma'ana, ƙasa da rabin daƙiƙa mai bugu ke da shi ta gane inda ƙwallon ta nufa, ta yanke shawara, ta kaɗa gora. Shi ya sa a manyan wasanni maki ke wuya, ci ɗaya da nema ma yakan raba gardama.

Mahaifin Richardson ma'aikacin rundunar sojan saman Amurka ne, don haka iyalin sun sha ƙaura kafin su zauna a Orlando. Ta tashi tana buga besbol da 'yan'uwanta maza. Labarin da ta fi maimaitawa game da ƙuruciyarta ya faru ne tana da shekara goma. Tana jefa wa ɗan'uwanta ƙwallo a bakin fili sai wani mai horar da yara a gasar Little League ya ga hannunta, ya tambaye ta ko tana son shiga ƙungiyarsa. Murna ba ta gama kama ta ba ya gindaya sharaɗi: za a aske mata gashi, a riƙa kiranta Bob, domin dokar gasar ba ta yarda da 'yan mata ba. Ta ce a kai kasuwa. Ba da jimawa ba wani mai horarwa daban ya gan ta, shi kuma ƙungiyar sofbol ta manyan mata yake riƙe da ita, mai suna Union Park Jets. Da amincewar iyayenta ta shiga, yarinya 'yar shekara goma a cikin matan da suka isa su goya ta. Tana da shekara 13 ta koma Orlando Rebels, ta zama mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa buga babbar gasar mata ta ƙasar.

Wannan ya faru ne a daidai gaɓar da abubuwa ke sauyawa. A watan Yunin 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilimi, wadda sashenta na tara ya haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sashen bai ambaci wasanni ko sau ɗaya ba, amma a nan tasirinsa ya fi fitowa fili, saboda jami'o'in Amurka suna zuba kuɗi masu yawa a wasanni, suna ba gwanayen 'yan wasa gurbin karatu kyauta, kuma kafin dokar kusan duk wannan garaɓasa ta maza ce. Ita ma Little League ta janye haramcinta a 1974, bayan shari'ar wata yarinya mai suna Maria Pepe a jihar New Jersey. Sai dai kafin nan Richardson ta riga ta yi nisa a sofbol.

Gurbin da ta fi ƙwarewa a kansa shi ne tsaron ratar da ke tsakanin zango na biyu da na uku, wanda Amurkawa ke kira shotstof. Nan ne ƙwallo ta fi bi idan mai bugu badamiya ce, don haka ba a ajiye kowa a wurin sai mai zafin nama. Za ta duƙa, safar fata a hannun hagu tana kusa da ƙasa, da jin ƙarar gora ta zabura, ta tsinci ƙwallon tana tsalle-tsalle a kan ƙura, ta juya ta cilla ta zuwa zango na ɗaya, duk kafin mai gudun ta cinye mita 18, abin da ba ya ɗaukar masu sauri daƙiƙa uku. Richardson da dama take jifa, amma ta ɓangaren hagu take bugu, wanda ke rage mata taku ɗaya ko biyu zuwa zango na ɗaya. Tana da shekara 17, a 1979, aka ɗauke ta a ƙungiyar ƙasa zuwa gasar ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Puerto Rico, suka dawo da zinariya.

Ta fara jami'a a Western Illinois, ta yi shekara guda, sannan ta koma Jami'ar California da ke Los Angeles, wato UCLA, inda ta buga kakar 1981 da 1982 da 1983 ƙarƙashin mai horarwa Sharron Backus. Duk shekarun uku ita ce kan gaba wajen bugu a ƙungiyar. Kusan sau ɗaya cikin uku da ta tsaya da gora takan sami bugun da zai kai ta zango lafiya. Wanda bai san wasan ba zai ce ai faɗuwa ta fi yawa, amma a zamanin da masu jifa suka mamaye fili, wannan ƙididdiga ta manyan gwanaye ce. Sau uku a jere aka sa ta cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya.

Shekarar 1982 tana da matsayi na daban. Kafin lokacin wata ƙungiya ta mata zalla, AIAW, ita ke shirya wa ɗalibai mata gasa. A kakar 1981 zuwa 1982 ne babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, wadda ta shekara da shekaru ba ruwanta da mata, ta fara shirya tata, kuma ba a daɗe ba AIAW ta durƙushe. Gasar sofbol ta farko ta NCAA an yi ta a birnin Omaha na jihar Nebraska. UCLA ta haɗu da Jami'ar Fresno State a wasan ƙarshe, aka yi turmi bakwai ba wanda ya ci, sai a na takwas UCLA ta ci biyu da nema. Mai jifarsu, Debbie Doom, ita ta hana abokan karawa sakat, Richardson kuma tana bayanta tana toshe rata. Shekara guda bayan haka jami'ar ta ba ta lambar gwarzuwar 'yar wasanta tare da Jackie Joyner, wadda daga baya ta zama sarauniyar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Da aka zo tantance shekarun 1980, NCAA ta zaɓi Richardson a matsayin 'yar wasan sofbol mafi fice a waɗannan shekaru goma.

Daga nan ne hanyarta ta rabu da ta takwarorinta maza. Ɗan besbol da ya yi irin wannan suna a jami'a, manyan ƙungiyoyi ne za su yi rububinsa da kwantiragi. Ita kuwa babu inda za ta. Babu gasar ƙwararru ta mata mai biyan albashi a lokacin, sofbol kuma bai shiga Olamfik ba. Yawancin abokan wasanta sun rataye safa suna da shekara 22, wasu suka koma koyarwa ko horarwa. Richardson ta ƙi sakin wasan, kuma ta ƙi dogara da shi. Daga 1984 ta riƙa buga wa Raybestos Brakettes ta garin Stratford a jihar Connecticut, ƙungiyar 'yan sa-kai da wani kamfanin birkin mota ke ɗaukar nauyinta, wadda ta fi kowace tara kofunan ƙasa. Wasan bazara ne, sauran watannin kuma na karatu. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Adelphi da ke New York kan yadda jiki ke aiki yayin motsa shi, sannan ta shiga makarantar likitanci ta Jami'ar Louisville a jihar Kentucky, ta fito likita a 1993. Ranakun ƙarshen mako takan hau jirgi ta je inda ƙungiyarta ke wasa, ta dawo ta tarar da littattafai suna jiranta.

Fannin da ta zaɓa, tiyatar ƙashi da gaɓoɓi, yana cikin waɗanda mata suka fi ƙaranci a likitancin Amurka har gobe. Aiki ne na ɗori da zarto da ƙusa da dogon tsayuwa, horonsa kuma shekara biyar ne bayan kammala makarantar likitanci. Ta sami gurbi a shirin Jami'ar Southern California, a babban asibitin gwamnati na gundumar Los Angeles, inda ake kwararo da waɗanda suka yi haɗarin mota da waɗanda aka harba dare da rana. Likita mai neman ƙwarewa a irin wannan wuri yakan kwana a tsaye, ya wuni a tsaye.

A 1991 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a sa sofbol na mata a gasar Atlanta ta 1996. Labarin ya iske Richardson tana dab da shekara 30, lokacin da ake ganin ɗan wasa ya fara gangarowa, kuma tana tsakiyar karatun da ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Da ta koma Los Angeles sai ta kafa raga a cikin ɗakin da take haya, ta dasa sandar da ake ɗora ƙwallo a kai, in ta taso daga asibiti da tsakar dare ta yi ta bugu. Ta ba da labarin cewa wata rana ta tarar da takarda a ƙofarta, wani maƙwabci yana roƙonta da ta riƙa yin atisayen Olamfik ɗinta da wuri-wuri. Zolaya yake yi, bai san gaskiya ya faɗa ba. Da aka zaɓe ta, asibitin ya ba ta hutun shekara guda.

Ba a cikin Atlanta aka yi wasannin sofbol ba, a garin Columbus ne, can yammacin jihar Georgia, a filin Golden Park. Richardson tana da shekara 34, ta girmi kowa a ƙungiyar. A wasan farko, da Puerto Rico, ita ta fara tsallake shinge da ƙwallo a tarihin sofbol na Olamfik, Amurka ta ci goma da nema. Wasa ɗaya kawai suka rasa a gasar, a hannun Ostareliya, ta hanyar da har yau ake ba da labarinta: wata 'yar Amurka, Dani Tyler, ta tsallake shinge, amma garin murna ta tsallake gidan ma ba ta taka ba, aka soke makin, aka kuma ci su a turmi na goma.

Ranar 30 ga Yuli suka haɗu da Sin a wasan ƙarshe. A turmi na uku, Laura Berg tana tsaye a zango, Richardson ta daki ƙwallon ta yi sama ta nufi kusurwar dama, inda aka kafa dogon ƙarfen da ke raba cikin fili da wajensa. Ƙwallon ta tsallake shingen tana lanƙwasa dab da ƙarfen. Alƙalin wasa ya ce ta ciki ta bi, maki biyu ke nan. 'Yan Sin suka ce atafau ta waje ta bi, aka tsayar da wasa na kusan minti goma ana ja-in-ja, amma hukuncin bai sauya ba. Amurka ta ci uku da ɗaya. Masu bin wasanni a Najeriya ba za su manta da wannan mako ba, domin kwana huɗu bayan haka ne su Kanu Nwankwo suka doke Ajantina uku da biyu a ƙwallon ƙafa a garin Athens na wannan jiha. Richardson dai ba ta tsaya dogon biki ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma asibiti, zinariyar tana aljihun farar rigarta, tana ciro ta tana nuna wa yaran da ke kwance. A 1997 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta.

Gasar Sydney ta 2000 ta zo mata da wani salo. An ba wata matashiya mai ƙarfin bugu, Crystl Bustos, gurbin da Richardson ta riƙe shekara da shekaru, ita kuma aka mayar da ita tsaron zango na biyu. Amurka ta ci wasanninta biyu na farko, nasarorinta a jere suka kai 112, ana ganin zinariyar tamkar tana aljihunta. Sai Japan ta karya lagonta da ci biyu da ɗaya a turmi na 11, kuma kurakurai biyu da Richardson ta tafka a wannan turmi suna cikin abin da ya jawo faɗuwar. Ba ta ɓuya ba, ta fito gaban 'yan jarida ta ɗauki laifin. Sin ta biyo baya ta ci su, Ostareliya ma haka, uku a jere, duk bayan ƙarin turmi. Abin ya kai 'yan wasan sun shiga wanka da rigunan wasansu, wai su wanke baƙin jini. Ko wankan ne ko zuciya ce, sun ci wasanni biyar da suka rage, suka bi ƙasashen nan uku ɗaya bayan ɗaya suka rama. Richardson ce ta buga ƙwallon da ta kawo maki ɗaya tilo a karawarsu ta biyu da Ostareliya. A wasan ƙarshe, ana ruwan sama, suka ci Japan biyu da ɗaya a turmi na takwas. Ta cika shekara 39 a tsakiyar gasar, kuma da ita ta rufe buga wa ƙasa wasa, bayan shekara 21.

Ta ƙaro ƙwarewa kan raunukan 'yan wasa a cibiyar Kerlan-Jobe da ke Los Angeles, sannan ta koma jiharta, ta zama shugabar sashen lafiya a wata cibiyar horar da 'yan wasa a garin Clermont, yamma da Orlando. A 2001 ta yi aure, kuma abin dariyar shi ne sunan mijin Bob Pinto: sunan da ta ƙi amsawa tana yarinya shi ta kawo gida. Shugaba George W. Bush ya naɗa ta mataimakiyar shugaban majalisar da ke ba shi shawara kan motsa jiki da wasanni. A 2006 aka sa sunanta a zauren gwarazan sofbol na ƙasa da ke birnin Oklahoma.

Shi kansa wasan bai sami zama lafiya a Olamfik ba. A 2005, a taron Singafo, kwamitin ya kaɗa ƙuri'ar cire shi tare da besbol bayan gasar Beijing ta 2008. Daga cikin dalilan da aka riƙa ambata har da cewa ƙasashe kaɗan ne ke buga shi da gaske, kuma Amurka ta yi masa kaka-gida, ga shi kuwa a Beijing ɗin Japan ce ta ɗauke zinariyar. Ya dawo a gasar Tokyo da aka yi a 2021, aka sake ajiye shi a Faris a 2024, an kuma tsara zai dawo a 2028. Saboda wannan shiga-da-fita, gasar jami'o'i ce ta zama babban dandalin wasan a Amurka. Wasanninta na ƙarshe, waɗanda ake yi a birnin Oklahoma kowace shekara, miliyoyin mutane ke kallonsu a talabijin. Tun 2021 kuma aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu, har a 2024 aka ba wata mai jifa, NiJaree Canady, kwantiragin da ya haura dala miliyan ɗaya don ta koma Jami'ar Texas Tech. A lokacin Richardson, gurbin karatu shi ne iyakar abin da gwana ke samu.

A cikin wannan sabon yanayi ta karɓi aikin horarwa a 2013, tana da shekara 51. Liberty jami'ar Kirista ce da mai wa'azi Jerry Falwell ya kafa a 1971 a garin Lynchburg, Richardson kuma mai riƙo da addininta ce, ba ta ɓoye cewa wannan na cikin abin da ya ja ta can ba. Mutane da dama sun yi mamakin likitar tiyata ta ajiye wuƙa ta koma ƙungiyar da ba ta da wani suna, alhali ba ta taɓa jagorantar ƙungiyar jami'a a wannan mataki ba. Kakarta ta farko, 2014, ta ba masu shakka abin faɗa: nasara 11, faɗuwa 46. Jami'ar ta buɗe sabon filin sofbol a 2015, ita kuma ta ɗauki dabarar haɗa 'yan wasanta da manyan ƙungiyoyi tun farkon kaka, ko da za a lallasa su, domin su saba. A 2018 suka ci kofin rukuninsu suka shiga gasar ƙasa, daga nan kuma shigarsu ta zama kusan ta kowace shekara.

Tsarin gasar shi ne a ɗauki ƙungiyoyi 64, a kasa su gida 16, kowane gida ya fitar da ɗaya. A watan Mayun 2025 aka tura Liberty garin College Station na jihar Texas, gidan Jami'ar Texas A&M, wadda aka ba matsayi na ɗaya a faɗin ƙasar. Tunda aka fara wannan tsari ba a taɓa fitar da ta ɗaya a zagayen farko ba. Liberty ta ci ta sau biyu a filinta, a gaban magoya bayanta, ta haye zagaye na gaba karo na farko a tarihin jami'ar. Mako guda bayan haka Jami'ar Oregon ta tsayar da su, saura taki ɗaya su isa birnin Oklahoma. Richardson tana da shekara 63 a lokacin.